Ado da Aiki a Tsofaffin Bindigogin Gasar Harbi na Jamus

Daga cikin kayan da maƙeran Jamus suka bar wa duniya akwai wata irin bindiga wadda ba a ƙera ta don yaƙi ko farauta ba, sai don gasar harbin allo kurum. Manufar wannan sharhi ita ce a duba zanen da ake yi wa waɗannan bindigogi, a kuma nemi ma'aunin da zai raba aikin gwani da aikin da cika ido kawai ya yi.

Tun zamanin da, garuruwan Jamus da Ostiriya da Suwizalan suna da ƙungiyoyin maharba masu tsaron ganuwa. Kowace shekara sukan yi biki, a wasu wurare a kafa tsuntsun katako a bisa doguwar sanda, wanda ya kakkaɓo guntun ƙarshe a naɗa shi sarkin maharba. Da tsaron gari ya koma hannun soja, sai bikin ya wanzu. A 1861 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar maharban Jamus a Gotha, a 1862 kuma aka yi babbar gasarta ta farko a Frankfurt. A irin wannan taro bindiga kamar babbar riga ce ranar salla: da ita ake gane matsayin mai ita. Saboda haka maƙeran Suhl da Zella da Mehlis, da na Ferlach a Ostiriya, suka sami kasuwar ado.

Kafin a yi maganar zanen, wajibi ne a san siffar abin da aka zana. Harsashi ɗaya bindigar ke ci. A tsaye ake harbi da ita, ba tare da jingina ta da kome ba, galibi daga nisan mita 175. Don haka aka yi ta da nauyi, takan kai kilo 5 ko fiye, da bututu mai kusurwa takwas. Gindinta yana da ƙugiyar ƙarfe mai kama kafaɗa, ƙotarta kuma an fafe ta yadda kunci zai kwanta a ciki. Kunamarta biyu ce: a ja ɗaya a ɗana, sa'an nan taɓa ɗayar kaɗan ya isa. Watau kowace gaɓa tata amsa ce ga tambaya guda: yaya mutum zai tsaya cik har harsashi ya fita?

A nan ne ma'aunin ya fito. Gwanin mai zane ya san inda hannu ke riƙewa, da inda ido ke bi, da inda babu ruwan kowa. Wurin da tafin hannu ke kamawa yakan sassaƙa shi da ƙananan layuka ko siffar ɓawon kifi, don kada gumi ya sa santsi. Saman bututu yakan dusashe shi, don kada ƙyallin rana ya ɗauke idon maharbi. Sai a faffaɗan gefen gidan harsashi, inda ƙarfe yake shimfiɗe kamar allo, yake sakin hannunsa. Irin ƙirar da Carl Wilhelm Aydt ya fito da ita a shekarun 1880 ta ba masu zane fili sosai a wannan wuri. A nan akan ga barewa a kurmi, ko Diana, gunkiyar farauta ta Rumawa, ko barewar waliyyin Kirista Hubatus mai gicciye tsakanin ƙahoninta, kewaye da ganyen itacen ok, wanda Jamusawa ke ɗauka alamar ƙasarsu. Da ɗan ƙarfe mai kaifin baki da ƙaramar guduma ake yin duk wannan, kuma abin da aka yanke daga ƙarfe ba ya komawa. A aikin gwani reshe yakan bi lanƙwasar ƙarfen, ya kewaye kan kusa, ya ƙare inda ƙarfen ya ƙare.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da masu saye suka yawaita a ƙarshen ƙarni na 19, sai zane ya fara zama kwafi. Barewa ɗaya ce ke tsaye a bindigogi barkatai, da ƙafafu kamar na tebur. Wasu kuma suka ɗauka yawan ado shi ne kyansa, suka cushe ƙota da sassaƙa mai zurfi har inda kunci ke kwanciya, suka watsa zinariya ko'ina. Irin wannan bindiga kyan ɗan maciji gare ta, a kalla daga nesa. Adon da ya hana maharbi saiti, kwalliyarsa ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wani abin takaici shi ne ɓatan sunayen masu zanen. A jikin bututu akan sami sunan maƙeri ko na ɗan kasuwar da ya sayar, da hatimin gwajin hukuma wanda dokar 1891 ta wajabta. Mai zane kuwa, sau da yawa a gidansa yake aiki, a biya shi ladansa, bindiga ta tafi ba sunansa. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun fi sa'a. Louis Daniel Nimschke, wanda ya isa Niyok a 1850 ya rasu a 1904, yakan shafa tawada a aikinsa ya danna takarda ya ajiye. An buga wannan kundi nasa a 1965, da shi ne masana ke gane hannunsa. Yawancin takwarorinsa na Suhl ba su bar irin wannan shaida ba, sai ƙarfen kansa.

Shi kuwa ƙarfen ya ga tasku. A 1945 sojojin ƙawance suka umarci Jamusawa su miƙa makamansu. An lalata da yawa, wasu kuma sojojin Amurka suka tafi da su gida. Waɗanda suka tsira suna fuskantar wata barazanar, wato hannun mai gyara. Mai neman riba yakan goge tsohuwar bindiga da inji don ta yi ƙyalli kamar sabuwa. Gugar tana cinye kaifin layukan zane, ta mayar da jijiyar ganye da gashin barewa sumul. Alhali a wannan kaifi ne ake karanta hannun mai zanen da bai bar suna ba. Garin neman gira sai a rasa ido.

A taƙaice, mai son auna irin wannan bindiga ya fara da tambayar ko zanen ya san aikin abin da yake kai, sa'an nan ya duba tsabtar yankan, daga baya ya waiwayi zinariya. Wadda kuma ta faɗo hannun mai adana kayan tarihi da dushewar launinta ta shekara ɗari, abin da take bukata ɗan mai ne da busasshen wuri.