Irmiya 29:11 da Wa'azinmu a Lokacin Tsanani

Akwai ayar da muke yawan gani a jikin kalanda, muke kuma ji a bakin masu wa'azi duk sa'ad da al'amura suka rikice: Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya yi wa mutanensa alkawarin alheri. Mun ji ta a 2020 da annobar korona ta sa aka rufe majami'u. Mun ji ta a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ta da farashin taki, ambaliya kuma ta cinye gonaki a Jigawa. Mun sake jin ta bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da kai mara lafiya asibitin Birnin Kudu daga Kwandiko ya zama sai an yi lissafin kuɗin mota. Ayar gaskiya ce. Abin dubawa shi ne yadda muke wa'azinta.

Yawancinmu mukan ciro ta ita kaɗai, mu shaida wa jama'a cewa kafin shekara ta ƙare komai zai koma yadda yake. Wanda ya karanta sura ta 28 zai gane wannan murya, domin ta Hananiya ce. Bayan Nebukadnezzar ya kwashe mutanen Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Hananiya ya karya karkiyar itace da ke wuyan Irmiya, ya ce cikin shekara biyu za a komo. Maganar ta yi daɗin ji, amma ƙarya ce, kuma a shekarar nan ya mutu.

Wasiƙar Irmiya kuwa ta ambaci shekara saba'in, a aya ta 10, dab da ayar da muke ƙauna. Ta umarci kamammu su gina gidaje, su dasa itatuwa, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa Babila addu'a, garin da ya ci su da yaƙi. Ga jama'a gaba ɗaya aka yi alkawarin, da yawa daga cikin waɗanda suka ji shi kuma a Babila aka binne su.

To, mene ne laifin wa'azin Hananiya? Yana ɗaure zuciya ga jiya. Mai jiran komai ya koma daidai gobe ba ya shuka, ba ya koyon sabon abu, ba ya tambayar abin da Allah yake so da shi yau. In wa'adin da fasto ya sa ya wuce shiru, bangaskiyar mai bi ce ke raunana. Wa'azin da ke mai da kowane labarin rediyo alamar ƙarshen duniya ma haka yake, shi ma yana sa mutane su naɗe hannu.

Tarihinmu ya nuna wata hanya. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Arewa. A shekarun 1930 SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Wannan ƙofa aka buɗe, suka shiga da wanke gyambo.

Wani zai ce irin wannan sauƙin kai yana kai ga sakaci da bangaskiya. Tsoron yana da tushe. Sai dai mu dubi Daniyel, wanda shi ma a Babila ya zauna. An ba shi sabon suna, ya koyi harshensu, ya yi wa sarkinsu aiki, duk da haka ya ƙi abincin sarki, bai kuma fasa addu'a ba ko da aka kafa doka. Ya san abin da za a saki da abin da za a riƙe.

Mu da muke kiwon ƙananan ikilisiyoyi a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya muke da maƙwabtanmu Musulmi, tsadar da ta same mu ta same su. Saboda haka kafin mu hau bagadi da aya ta 11, mu fara karanta wa jama'a daga aya ta 4. Sa'an nan mu zauna da dattawa da Zumuntar Mata mu tambayi juna: wace gona ce za mu noma bana, wane maƙwabci ne kuma ba mu taɓa ambata cikin addu'a ba?