Furfura a Ƙarƙashin Ruwa

A Dahab, wani ɗan gari da ke gaɓar Bahar Maliya a yankin Sina'i na Masar, na koyi nutso da tukunyar iska lokacin ina ɗalibi a Alƙahira. Matar da ta koya mini a haife ta haife ni. Ranar farko da na ga furfura na leƙowa ta gefen hular robarta, sai da na ce a raina, wannan baiwar Allah ce za ta ciro ni idan abu ya ɓaci? Kashegari muna durƙushe kan yashi a zurfin da bai wuce mita 6 ba, ta yi mini alama in cire gilashin fuskata in mayar. Ruwan gishiri ya kutsa hancina, na zabura zan yi sama. Ashe tun kafin in motsa hannunta ɗaya na riƙe da ɗamarar rigata, ɗayan kuma yana matsa kafaɗata sannu-sannu har numfashina ya daidaita. Da muka fito ta ce, "Yaro, kumfar da kake fitarwa ce ta tona maka asiri, tun ɗazu na san za ka gudu."

Ita nake tunawa duk sanda aka tayar da maganar masu shekara 50 zuwa 60 da ke shiga kwas ɗin zama jagororin nutso ko malamansa bayan sun ajiye aiki. Irinsu sun yawaita a wuraren nutso, kuma samarin da ke harkar ba duka ke murna da su ba. Ni ina ganin a ba su hanya, amma da sharaɗi.

Ƙa'ida dai ba ta hana su ba. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966 kuma ta fi kowace yawan ba da shaidar nutso, ta ce sai mutum ya kai shekara 18, ba ta sa iyaka daga sama ba. Mai son zama jagora zai fara da nutso 40 a rubuce cikin littafinsa, ya kammala da 60, mai son malanta kuma sai ya cika 100. Akwai gwajin ƙarfi: iyon mita 400, zama a saman ruwa minti 15 ba tare da dafa komai ba, mita 800 da takalman iyo da bututun shaƙa, sai jan wanda ya gaji tsawon mita 100. Maki ake bayarwa a haɗa jimla, don haka dattijon da ba ya sauri a iyo yana iya cike giɓin a wani wuri. Wanda ya ci ya ci.

Masu goyon bayan dattawa suna son kawo labarin Ray Woolley, Baturen Ingila da ya nutsa wajen jirgin Zenobia da ya nitse kusa da Larnaka a Sayifurus yana da shekara 96, a 2019. Abin sha'awa ne, amma ba hujja ba ce. Shi kansa kawai yake ɗauke da shi. Malami kuwa rayukan mutane huɗu ko shida ne a hannunsa, waɗanda jiya-jiya suka fara ganin ƙasan teku.

A nan sharaɗina yake, wato zuciya. Da zarar mutum ya shiga ruwa har wuya, jini na taruwa daga ƙafafu zuwa ƙirji, aikin zuciya ya ƙaru tun bai yi motsi ba. Ƙara sanyi, ƙara igiyar ruwa, ƙara ɗalibi mai kilo 90 da ya firgita yana neman hawa kanka. Ƙungiyar DAN, mai bibiyar haɗurran nutso tun 1980, ta daɗe tana nuna cewa ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu nutso da suka manyanta. Ana buƙatar takardar likita ta cikin wata 12, gaskiya ne, sai dai na ga inda aka sa hannu a kanta cikin minti biyar, ko awon jini ba a yi ba. Dattijon da ke son riƙe ɗalibai ya je da ƙafarsa a ɗora shi kan injin gudu a auna zuciyarsa, kuma ya maimaita lokaci-lokaci. Wanda ya ɓoye hawan jini don kada a hana shi kwas, ba da ransa kaɗai yake caca ba.

Abin da ba a cika gaya wa dattawan nan ba shi ne aikin jagora rabinsa dako ne. Tukunya guda cike da iska ta haura kilo 15, kuma a shagon nutso mai ciniki sai ka loda ashirin a mota da asuba, ka sauke, ka wanke kaya da yamma, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Masu shaguna sun fi son ɗan shekara 22 da zai kwana a ɗakin ajiya bai yi ƙorafi ba. Shi ya sa nake cewa mai furfura kada ya daɗe a matakin jagora, ya wuce zuwa malanta, inda haƙuri da iya karantar fuskar mutum ke da kasuwa. Ko a can ɗin da sauran wahala, don akwai darasin fitowar gaggawa da numfashi guda, wanda malami zai raka kowane ɗalibi sama ya dawo ƙasa ya ɗauki na gaba, kunne kuwa ba ya son wannan hawa da sauka.

Sai in ware mutum biyu da ake yawan haɗa su. Akwai wanda ya shekara 30 yana nutso sannan ya ga dama ya koyar, akwai kuma wanda ya fara a shekara 58, ya tara nutso 100 cikin wata takwas a ruwa mai ɗumi da ba ya motsi. Furfurarsu ɗaya, amma ɗalibi zai ɗauka dukansu tsofaffin hannu ne, ya saki jiki. Na biyun nan shi nake tsoro. Ya je ya shiga ruwan sanyi da ruwa mai duhu, ya yi shekara guda yana taimaka wa wani malami, kafin a ba shi ɗan wani.