Raha da Siyasar Ƙaramin Gari: Nazarin Fim ɗin Don Camillo

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun daɗe suna fifita wasan ban tausayi a kan wasan ban dariya, suna ganin cewa duk abin da ya sa mutane dariya ba ya ɗauke da wani nauyi da ya cancanci a zauna a yi masa sharhi. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi idan aka zo kan siyasa, domin kuwa ana ɗauka cewa sha'anin mulki ya fi gaban wasa. A cikin wannan takarda za mu dubi wani fim mai suna Don Camillo, wanda aka fara nunawa a shekarar 1952, a kan rikicin siyasar wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya. Manufarmu ita ce mu nuna cewa darajar wannan fim tana cikin rahar da ke cikinsa, watau ta hanyar ban dariya ne ya iya nuna inda ya kamata gabar siyasa ta tsaya a tsakanin mutanen da dole su ci gaba da zama a gari ɗaya. Za mu dubi asalin fim ɗin, da taurarinsa, da jigo, da zubi da salo, sa'an nan mu auna sukar da aka yi masa.

2.0 Asalin Fim ɗin da Zamaninsa

An ciro labarin ne daga gajerun labaran Giovannino Guareschi, wani ɗan jarida kuma mai zanen barkwanci wanda aka haifa a 1908, ya rasu a 1968. Ya fara buga su a ƙarshen 1946 cikin mujallar mako-mako mai suna Candido, aka kuma tattara su a littafi a 1948. Julien Duvivier, Bafaranshe, shi ne ya ba da umarnin ɗaukar fim ɗin, aka yi shi cikin harsuna biyu, Italiyanci da Faransanci. An ɗauki mafi yawansa a Brescello, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Po a lardin Reggio Emilia.

Ba za a fahimci fim ɗin sosai ba sai an san halin da Italiya ke ciki a lokacin. Ƙasar ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 bayan mulkin Mussolini na fiye da shekara 20. Ranar 2 ga watan Yuni na 1946 aka jefa ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi jamhuriya aka kawar da sarauta. A babban zaɓen Afrilu na 1948 jam'iyyar Kirista masu bin dimokuraɗiyya, wadda cocin Katolika ke mara wa baya, ta sami kimanin kashi 48 cikin 100, gamayyar 'yan kwaminis da 'yan gurguzu ta sami kimanin kashi 31. A watan Yuli na wannan shekara aka harbi Palmiro Togliatti, shugaban 'yan kwaminis, ya tsira da rauni. A 1949 kuma fadar Paparoma ta yi shelar fitar da masu yaɗa aƙidar kwaminisanci daga coci. Ke nan a tsakiyar wannan zafi ne aka fito da fim wanda ya ɗauki limamin coci da magajin gari ɗan kwaminis ya mai da su abin dariya.

3.0 Taurari

Manyan taurari biyu ne. Na farko Don Camillo, limamin cocin garin, wanda Fernandel ya fito a matsayinsa. Ƙato ne mai saurin fushi da saurin hannu, mai wayo, wanda ba ya barin ta kwana. Na biyu Giuseppe Bottazzi, wanda ake kira Peppone, makanike ne kuma shugaban 'yan kwaminis na garin, Gino Cervi ne ya fito a matsayinsa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana son dogon jawabi, ga gashin baki irin na Stalin.

Abin lura a nan shi ne, an gina su kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Ƙarfinsu ɗaya, taurin kansu ɗaya, kuma kowannensu yana ƙaunar talakawan garin ta hanyarsa. Da an yi ɗaya salihi ɗaya azzalumi, da fim ɗin ya zama farfaganda kawai. Amma da yake an daidaita su, mai kallo ba ya samun damar tsanar ko ɗaya.

Akwai tauraro na uku wanda ba a ganin motsinsa, watau muryar da ke fitowa daga sassaƙen Almasihu da ke kan gicciye a cikin cocin, wadda Don Camillo kaɗai ke jin ta. Guareschi da kansa ya bayyana cewa wannan murya tana wakiltar lamirinsa ne. A wajen zubin wasa aikinta babba ne, domin kuwa kusan kullum limamin take tsawata wa. Idan ya yi ƙarya ta tona shi, idan ya ɗauki sanda ta sa ya ajiye, idan ya zagi Peppone ta tuna masa alherin mutumin. Ta haka aka hana limamin zama alƙali a shari'ar da shi ma yake cikinta.

4.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne iyakar gaba. An warware shi ta hanyar jerin rigingimu waɗanda kowanne ke kaiwa wani matsayi sa'an nan ya ci karo da abin da ya fi jam'iyya girma. Bari mu kawo misalai huɗu.

Na farko, rikicin suna. Bayan 'yan kwaminis sun ci zaɓen garin a 1946, aka yi wa Peppone haihuwa, aka kawo jaririn coci da nufin a sa masa suna Lenin. Limamin ya ƙi, har abin ya kai su ga dambe a cikin coci. Da ƙura ta lafa, sai aka haɗa wa yaron sunan Camillo da na Lenin gaba ɗaya. Abin dariya ne, amma yana nuna cewa mai zagin coci a bainar jama'a bai yarda ɗansa ya tashi ba baftisma ba, shi kuma limamin bai yarda ya kori jariri saboda laifin ubansa ba.

Na biyu, yajin aikin leburorin gona. Ma'aikata suka daina aiki a gonakin masu ƙasa, aka sa masu gadi domin kada kowa ya shiga, shanu suka kwana ba abinci ba tatsa, suna ta kuka har cikin gari. Da dare sai ga limamin da magajin gari, wanda shi ne jagoran yajin, sun saci jiki sun shiga garke suna ba shanu ciyawa suna tatsar su. Dukansu 'ya'yan manoma ne, sun san cewa idan dabbobin suka mutu, talaka ne zai fara jin yunwa.

Na uku, wasan ƙwallo tsakanin ƙungiyar coci da ta jam'iyya. Bayan an tashi, 'yan kallo suka bi alƙalin wasa za su duke shi, ya ruga coci neman mafaka. A nan ta bayyana cewa duka ɓangarorin biyu sun ba shi toshiyar baki, na Peppone ne kawai ya ɗara. Wannan fage ya hana mai kallo ɗaukar limamin a matsayin mai tsarki.

Na huɗu, wanda a ganinmu ya fi duka ƙarfi, shi ne wasiyyar tsohuwar malamar makaranta, Cristina, wadda ta koyar da kusan dukan manyan garin. Ita mai son sarauta ce, ta roƙi a rufe akwatin gawarta da tutar sarki, alhali kuwa an riga an kawar da sarauta. Peppone ya tara wakilan jam'iyyu ya nemi ra'ayinsu, suka ƙi. Sai ya yi amfani da ikonsa ya zartar da wasiyyar, ya kuma shiga cikin masu ɗaukar gawar. Watau mutumin da ya fi kowa ƙin sarauta shi ne ya kare haƙƙin mai son sarauta, saboda haƙƙin malami a kan ɗalibi ya riga katin jam'iyya zuwa.

Idan muka nemi abin da ya fi kusa da wannan dangantaka a al'adarmu, sai mu ce wasan barkwanci ne, irin na taubasai, ko na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, inda aka halatta zolaya da baƙar magana amma aka haramta ƙullata. Sai dai akwai bambanci. Abokan barkwanci al'ada ce ta riga ta shata musu iyaka, su kuwa waɗannan mutum biyu su ne ke shata tasu iyakar a kowace rana, ga kuma mulki na gaske da suke takara a kansa.

5.0 Zubi da Salo

Zubin fim ɗin na fage-fage ne, saboda daga gajerun labarai aka harhaɗa shi. Zaren da ya ɗinke su guda biyu ne: tseren gini tsakanin gidan jama'a na Peppone da wurin wasan yara na limamin, da kuma soyayyar Gina, jikar mai ƙasa, da Mariolino, ɗan gidan 'yan kwaminis. Wasu za su ɗauki wannan zubi a matsayin rauni, amma mu muna ganin ya dace da abin da ake nunawa, domin siyasar ƙaramin gari ba ta da rana ɗaya ta yanke hukunci, yau a yi rigima kan ƙararrawa, gobe kan tuta, jibi kan aure.

Wajen salo, an fi dogara ga daidaita abubuwa biyu-biyu. Coci na fuskantar majalisar gari a dandali ɗaya, ƙararrawa na gasa da lasifika. Ƙarshen fim ɗin ma haka aka gina shi. Bayan limamin ya wuce gona da iri a wani faɗa, bishop ya tura shi wani ƙauye a kan duwatsu. Ya je tashar jirgin ƙasa bai ga mai rakiya ba. A tasha ta gaba sai ga mabiyansa da kyaututtuka, a ta gaba da ita kuma sai ga Peppone da mutanensa sun zo sallama. Kowane ɓangare ya ɓoye wa ɗaya, amma abu ɗaya suka yi.

Har ila yau, Duvivier ya san lokacin da zai tsai da dariya. A fagen sa wa kogi albarka, an hana jama'a fitowa saboda rikicin jar tuta, limamin ya ɗauki gicciye shi kaɗai cikin titunan da ba kowa, sai kare ɗaya ke bin sa, har ya iske taron 'yan adawa sun tare hanya. Shirun da ke cikin wannan fage shi ne ke nuna wa mai kallo cewa dariyar da yake yi tana tafiya ne a bakin rami.

6.0 Sukar da Aka Yi Masa

Suka mafi nauyi ita ce fim ɗin ya lulluɓe gaskiya da zuma. A wannan lardi na Reggio Emilia, a watan Yuni na 1946, aka harbe wani limamin coci mai suna Umberto Pessina a yankin Correggio. Aka kama magajin garin, Germano Nicolini, ɗan kwaminis, aka ɗaure shi shekara 10 a kan laifin da bai aikata ba, sai a 1994 kotu ta wanke shi. Ga limami da magajin gari na gaske, kuma labarinsu bai ƙare da musafaha a tashar jirgi ba. Bugu da ƙari, Guareschi sanannen mai adawa da kwaminisanci ne, saboda haka 'yan jam'iyyar suka ɗauki aikin a matsayin makamin abokan gaba. Za a iya ƙarawa da cewa matsalar mallakar ƙasa, wadda ita ce tushen yajin aikin, an taɓo ta ne aka wuce, kuma mata ba su da wata murya a sha'anin mulkin garin.

Lalle wannan suka tana da tushe, kuma duk mai neman hoton wahalar Italiya ta bayan yaƙi gara ya dubi finafinan Vittorio De Sica, kamar Umberto D. wanda shi ma ya fito a 1952. Amma mu lura da abu biyu. Na farko, 'yan kallon 1952 ba su jahilci jinin da aka zubar ba, a gabansu aka yi. Abin da suka rasa shi ne misalin yadda za a yi adawa ba tare da kisa ba, kuma shi fim ɗin ya ba su. Na biyu, a lokacin da ake zana ɗan kwaminis a matsayin dodo a ƙasashen Yamma, wannan fim ya nuna shi uba ne mai tausayi, mai riƙon amana, wanda garinsa ya zaɓa da hannunsa. Karɓuwar da ya samu ta tabbatar da cewa ya taɓa wani abu a zukatan mutane: a Faransa kaɗai fiye da mutum miliyan 12 suka kalle shi, aka kuma yi wasu huɗu a bayansa da waɗannan taurari biyu, a 1953 da 1955 da 1961 da 1965.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa sauƙin da ke cikin Don Camillo zaɓi ne na mai hikima, wanda ya daidaita abokan hamayya, ya hana kowannensu zama alƙali, ya kuma sa jariri da dabba da gawa suka zama shingen da siyasa ba ta tsallakewa. Wanda ya san tarihin hamayyar NEPU da NPC a garuruwanmu cikin shekarun 1950, lokacin da siyasa ta raba zumunta da aure da sahun jana'iza a wurare da dama, zai gane cewa tambayar da fim ɗin ya yi ba baƙuwa ba ce gare mu. Shawararmu ga malamai masu koyar da wasan kwaikwayo ita ce su riƙa auna wasan ban dariya da ma'auni biyu: wa aka yi wa dariya, kuma bayan an gama dariyar, shin zai iya ci gaba da zama a garin da mutuncinsa? Da wannan ma'auni, fim ɗin Duvivier ya cancanci gurbi a cikin abubuwan da muke nazari.