Daga Ɗalibta Zuwa Jagoranci: Tsokaci a Kan Ayyukan Wasu Tsofaffin Ɗaliban Jami'ar Bayero

1.0 Gabatarwa

Jami'ar Bayero ta Kano ta faro ne a matsayin Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ta zama mai cin gashin kanta a shekarar 1977. Daga cikin waɗanda ta yaye a fagen nazarin Hausa akwai Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya sami digiri na uku a 1988 da bincike a kan waƙoƙin makaɗan fada, da Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya sami nasa a 1995 da bincike a kan magungunan malaman tsibbu. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna littattafan da waɗannan masana biyu suka wallafa, ta nuna gudummawarsu, sannan ta yi nuni da wata illa da ta biyo bayan karɓuwar da suka samu.

2.0 Gudummawar Littattafan

Babban abin da ayyukan nan suka samar shi ne hanyar yin nazari da Hausa, ba tare da jingina da Turanci ba. Kafin su, Abdulƙadir Ɗangambo ya share fage a ɓangaren rubutacciyar waƙa da tsarinsa na gadon feɗe waƙa, wanda ya sake tacewa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa (2007). Gusau ya lura cewa awon da ya dace da waƙar da aka rubuta a takarda ba lalle ne ya dace da wadda ake rerawa da kotso ko taushi ko kalangu ba. Saboda haka a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ya yi amfani da kalmomin da suka fi kusa da bakin makaɗa: turke a madadin jigo, ɗa da ɗiya a madadin baiti da baitoci, sai kuma gindin waƙa da tubalan ginin turke. Ya faɗaɗa wannan aiki a Waƙoƙin Baka a Ƙasar Hausa (2008), ya kuma tattara matanin waƙoƙi masu yawa a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka.

Shi kuwa Bunza, a Gadon Feɗe Al'ada (2006) ya yi ƙoƙarin shimfiɗa wa nazarin al'ada ƙa'idoji, domin a daina ɗaukarsa a matsayin ba da labarin aure da haihuwa da mutuwa kawai. A littafinsa Narambaɗa (2009) ya haɗa tarihin makaɗin Sarkin Gobir na Isa da waƙoƙinsa wuri guda, ta yadda mai karatu zai ga mutumin da fadar da ta raine shi kafin ya shiga fasaharsa.

Duk wanda ya san halin da ɗalibi yake ciki kafin fitowar irin waɗannan littattafai, musamman wanda ke karatun Hausa nesa da ƙasar Hausa, zai yaba. An ba shi mazubin da zai zuba tunaninsa, da harshen da zai yi muhawara da shi.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai kuma, jagora ɗan rakiya ne, ba shi ne tafiyar ba. Abin da ake gani a kundayen digiri da dama shi ne, an mayar da matakan nazarin tamkar takardar cike gurbi. Ɗalibi zai kawo tarihin makaɗi, ya faɗi turke, ya jero tubalai, ya ƙirga kamance da siffantawa, daga nan ya rufe. Ba zai ce waƙar ta yi armashi ko ta gaza ba, balle ya faɗi dalili. Ta haka sai Bakandamiyar Narambaɗa da waƙar ɗan koyo su fito da kama ɗaya a takarda, alhali kuwa kunnen kowane Bahaushe ya san ba ɗaya suke ba.

Laifin ba na marubutan ba ne kacokan, amma littattafan ma suna da nasu kaso. Sun fi ƙarfi wajen rarrabewa da laƙaba suna, sun yi sassauci wajen koyar da yanke hukunci. Haka kuma, matanin da aka juya a takarda yakan zubar da rabin waƙar baka, domin sautin kiɗa da karɓin 'yan amshi da yanayin taron da aka yi ta ba sa shiga shafi. Ga kuma waƙoƙin da ake haɗawa a sutudiyo da fiyano, waɗanda sau da yawa akan rubuta su kafin a rera. Tilasta musu awon da aka yanka domin makaɗan fada ba zai haifar da sahihin sakamako ba.

4.0 Kammalawa

Gusau da Bunza sun kai inda suka kai ne domin ba su tsaya a inda malamansu suka tsaya ba. Sun fita sun saurari makaɗa da masu magani, sun gyara awon da suka gada. Wannan shi ne darasin da ya fi kowane babi na littattafansu muhimmanci. Idan ɗaliban yau suka wadatu da haddace matakai, to sun riƙe kube sun bar wuƙa. Girmamawar da ta dace da waɗannan ayyuka ita ce a gwada su a kan sababbin waƙoƙi da al'adu, a nuna inda suka yi daidai da inda suka gaza, a kuma ɗora daga nan.