Ludayi da Koshiya: Gwanintar da Ake Aunawa da Leɓe

Wanda ya saba shan fura da ludayin duma ya san cokalin ƙarfe bai kama ƙafarsa ba. Ƙarfe yana kwasar zafin kunu ya ƙona leɓe, roba kuma tana riƙe maiƙo da warin abin da aka sha jiya. Ludayi ba ruwansa da wannan. Ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafi, kuma idan gwani ne ya fafe shi, bakinsa yakan zauna daidai da bakin mai sha.

A arewacin Jamhuriyar Benin har yau ana ganin wannan aiki, a kasuwar Arzeke ta Parakou da kasuwar Djougou, garuruwan da ke da nisan kimanin kilomita 130 a tsakaninsu. Dukansu zango ne a tsohuwar hanyar goro da ta taso daga Kano ta ratsa Borgu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar 1892 ya karya kasuwar Salaga, amma zuriyar fatake ta zauna a garuruwan nan biyu, ta cuɗanya da Dandawa da Bargawa. Ga kuma Fulani masu nono da cukun wagashi, waɗanda ƙwarya da ludayi su ne jarinsu.

Aikin yana farawa tun daga gona. Ba kowane duma ke yin ludayi ba, sai mai dogon wuya da ƙaramin kai. A bar shi ya ƙosa sosai, domin wanda aka tsinka da wuri ɓawonsa ba ya ƙwari. Sai fafa, kuma a nan ake gane gwani. Zai raba duman gida biyu a tsaye, daga kai har ƙarshen wuya, ya fitar da ludayi biyu daga guda. Idan wuƙa ta kauce ko kaɗan, ɗaya ya fito da zurfi, ɗayan kuma ya tashi ba mariƙi. Bayan nan a ƙwaƙule cikin, a jiƙa a ruwa har ɗacin ya fita, a kankare, a shanya. Mai gaggawa yakan tsallake jiƙon, kuma furar farko ce za ta tona masa asiri. Da ma ba a fafe gora ranar tafiya.

Zanen ado yana zuwa daga ƙarshe, ko dai da tsinin wuƙa ko da ƙarfen da aka gasa a wuta. A ganina, gwanin gaske shi ne wanda ya ƙawata baya da mariƙi ya bar wajen shan sumul, don rami a nan maɓoyar datti ne.

Koshiya kuwa aikin masassaƙi ce. Da gizago yake fitar da siffarta daga guntun ice irin su danya, wadda aka daɗe ana sassaƙa akushi da ita, sannan ya rarake cikin da ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa. Dole ya bi jijiyar icen, in ba haka ba mariƙin ya karye a tukunyar farko. Wasu sukan babbake ta ta yi baƙi, su shafa mata mai.

Mutanen Japan sun ɗauki irin wannan sana'a da daraja ƙwarai. Su da tsinke biyu suke cin abinci, suna kiransa hashi. Garin Obama da ke lardin Fukui shi ke samar da mafi yawan tsinkayen ƙasar masu fentin ƙaro, aikin da ake kira Wakasa, wanda ya faro tun ƙarni na 17. Sukan jera ɓawon ƙwai da na katantanwar teku a jikin tsinken, su yi ta shafa ƙaro hawa-hawa, sannan su goge har adon da ke ƙasa ya bayyana. Ana kai wa ango da amarya a akwati ɗaya, na miji ya ɗan fi na mata tsawo. Har wani ɗan matashi suke yi masa na tangaran ko na ice, hashioki, don kada bakin tsinken ya taɓa tebur.

Mu ma muna da namu matashin, wato faifai. Shi ake rufe ƙwarya da shi, a kansa ake ɗora ludayi don kada ya taɓa ƙasa. Kuma kafin kwanukan samira da kuloli su mamaye ɗakin amarya, jeren ƙorai da ludaya da faya-fayai ne abin da uwa ke tarawa shekara da shekaru don 'yarta. Bambancinmu da Japan shi ne, can an san garin da abu ya fito har da gidan da ya yi shi, ana kuma biyan kuɗinsa ba gunaguni. Nan sai mu tsaya muna taya ludayi kamar kayan tsintuwa.

Don haka idan biki ya taso, ka shiga layin masu ƙorai. Ka zagaya bakin ludayin da babban yatsa ka ji ko akwai kaushi, ka sansana cikinsa, ka ƙwanƙwasa ka ji ko ya tsage. Idan ya tsallake waɗannan, ka haɗa da faifai mai kyau, ka biya mai shi abin da ya yanka.