Amshi da Miƙa Wuya a Waƙoƙin Zumuntar Mata na Karkarar Kano

Waƙoƙin da matan zumunta ke rerawa a ƙananan majami'un karkarar arewacin Kano sun daɗe suna shan suka daga ɓangarori biyu da ba su cika haɗa baki a kan komai ba. Masu wa'azin zamani, waɗanda suka tashi da koyarwar cewa mai bi na ƙwarai ba ya daɗewa cikin talauci ko ciwo, suna ɗaukar yawan ambaton haƙuri da nufin Allah a waƙoƙin a matsayin raunin bangaskiya, wasu 'yan boko kuma suna cewa waƙoƙin makaranta ce da ake koya wa mace ta haɗiye baƙin cikinta ta yi shiru. Dukansu kalmomin amshi suka riƙe suka yanke hukunci a kai, ba su tsaya sun ji yadda aka gina waƙar ba, alhali kuwa a cikin ginin ne tawali'un da ake magana yake, wato ƙasƙantar da kai a gaban Allah da miƙa masa wuya a kan abin da ya nufa.

Tarihin abin ba shi da tsawo. Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, ya daɗe gwamnatin mulkin mallaka tana taka masa birki a ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 ƙofa ta fara buɗewa ta hanyar magani: asibitin kutare na Yadakunya, sannan asibitin ido na Kano a 1943, da tashoshi irin su Roni da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Amma yawancin manoman da suka cika majami'un ƙauye, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, daga baya suka shigo ta hannun masu bishara 'yan ƙasa, kuma sun shigo da kunnen da ya saba da waƙar daɓe da ta niƙa da ta gayya.

Koyarwar miƙa wuya da 'yan mishan suka zo da ita tana da asali sananne, domin mishan irin na SIM sun sha daga taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875, inda ake kiran mai bi ya sallama wa Allah rayuwarsa gaba ɗaya a wani lokaci takamaimai, shi kaɗai tsakaninsa da Mahaliccinsa. Waƙoƙin da aka fassara cikin Littafin Waƙoƙi suna ɗauke da wannan ruhu, kuma babu mai ƙaryata darajarsu, tun da da su ake sujada da jana'iza har gobe. Sai dai suna da aibi biyu ga kunnen Bahaushe: karin da aka ɗora su a kai ba ya kula da doguwar gaɓa da gajeriya ko hawa da saukar murya, har kalma takan karye a bakin mai rerawa, na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a nan, suna gabatar da miƙa wuya a matsayin abin da aka riga aka gama, mai waƙa ya yanke shawara tun kafin baiti na farko, abin da ya rage masa shi ne shela.

Waƙar zumunta ba haka take tafiya ba. Jagora, wato macen da ke ba da waƙa, ita ke da baitin da ke canzawa, sauran mata kuma suna riƙe da amshi gajere wanda ba ya motsi, ana dukan bakin tulu da caki a ƙarƙashinsa cikin kari ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan rabon aiki tsoho ne a waƙar baka ta Hausa, amma abin da matan suka zuba a cikinsa shi ne abin lura. Baitin jagora wurin kuka ne: a nan ake kawo labarin Hannatu da rashin haihuwa, da Ayuba da asararsa, da gwauruwar da garinta ya kusa ƙarewa a tukunya, kuma kowa a majami'a ya san cewa ba mutanen dā kaɗai ake nufi ba. Amshi kuwa wurin sallamawa ne, inda ake mai da al'amari ga Allah. Saboda haka a kowane zagaye na waƙar ana faɗin damuwa a fili, sannan a miƙa ta, sannan wata ta taso a sake miƙawa, kuma wannan maimaici da masu suka ke kira ƙarancin fasaha shi ne koyarwar kanta, domin wanda ya taɓa binne ɗansa ya san cewa ba a sallamawa sau ɗaya a huta.

Akwai wata dabara a cikin wannan da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwararriyar jagora ba ta jiran amshi ya sauka kafin ta ɗaga sabon baiti, takan shigo a kan wutsiyarsa, ta yadda na ɗan lokaci kuka da sallamawa suna tashi tare a cikin ɗaki ɗaya, babu wanda ya danne wani. Idan waƙa ta ɗauki zafi kuma, baitin jagora yakan riƙa gajarta, jimla ta koma kalma biyu, kalma biyu su koma kira, har daga ƙarshe ta bar nata ta shiga cikin amshi, muryar da ta fi kowace fitowa ta narke cikin ta jama'a. Mai sauraro yana ganin tawali'u yana aukuwa a gabansa ba tare da an yi masa bayani ba. Jerin kuka sannan sallamawa ma ba na ganganci ba ne, domin shi ne jerin addu'ar Yesu a Getsamani kamar yadda Luka ya kawo a sura ta 22, inda ya fara da roƙon a kawar masa da ƙoƙon wahala kafin ya fifita nufin Uba a kan nasa, kuma shi ne jerin Zabura da yawa da ke buɗewa da ƙorafi su rufe da dogara. Mai cewa waƙar tana koyar da shiru ya manta cewa a al'adar da kunya da kara suka hana mace ta ambaci ko sunan ɗanta na fari, wannan baiti na jagora yana cikin wurare ƙalilan da aka yarje mata ta ɗaga murya da abin da ke cinta a gaban maza da surukai.

Kwatanta wannan da waƙar fada yana ƙara fito da tawali'un. A can ma akwai jagora da 'yan amshi, amma amshi kirarin ubangida ne, makaɗi kuma yana da filin wasa kansa, kamar yadda Narambaɗa da Shata kowannensu ya yi a Bakandamiyarsa. Marubutan waƙa su ma sukan sa sunansu a baitin ƙarshe. Waƙar zumunta ta ɗauki wannan gini ta cire masa roƙo da kirarin kai, galibi ma ba a san wadda ta ƙaga ta ba, tana yawo daga taron zumunta zuwa wani ana ƙara mata baiti. Rashin suna a nan wani ɓangare ne na ma'anar, daidai da abin da Bulus ya rubuta wa Filibiyawa a sura ta 2 game da Almasihu wanda ya wofintar da kansa ya ɗauki matsayin bawa. Masu cewa duk wannan aro ne daga tawakkalin maƙwabta Musulmi ba su kawo wani abin mamaki ba, tun da mutanen da suke noma gona da gona, suke cin kasuwa ɗaya, dole su yi tarayya a kalmomin haƙuri. Amma abin koyin da matan ke dubawa shi ne gicciye, kuma wannan nasu ne.

Zargin da wasu ke yi cewa miƙa wuyan nan kasala ce shi ne mafi rauni, kuma ba ya fitowa daga bakin wanda ya san ƙasar. A karkarar da gonaki suka manne da juna, inda ba a barin saura, inda jakuna ke jigilar taki tun rani, kuma dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, manomi yakan yi binne, wato ya zuba irin gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko ya sauka. Ya yi duk abin da ke hannunsa, ya fitar da irin da zai iya ci, ya bar saura ga wanda ke da ruwa. Miƙa wuyan da ke cikin amshi irin wannan ne, kuma matan da ke rera shi su ne masu surfe da sussuka, su ne masu tara baiko na damin dawa da kwanon gyaɗa a lokacin godiyar kaka, su ne masu zagayen marasa lafiya da gidajen makoki.

Barazanar da ke gaban wannan fasaha a yau ta kayan kiɗa ce fiye da ta masu suka. Idan aka ba jagora makirufo aka ɗaga lasifika, muryarta ba ta iya narkewa cikin amshi ko da ta so, domin na'ura ta riga ta ɗora ta a kan sauran. Idan kuma aka ɗora waƙar a kan kiɗan piyano mai bugun da aka saita, tsawon baiti yakan zama ƙayyadadde, jagora ba ta da damar ja ko gajartawa gwargwadon nauyin abin da take faɗa, shigowar nan a kan wutsiyar amshi kuma takan zama kuskure a kunnen mai kiɗa. Fastoci da shugabannin zumunta da ke sayen waɗannan kaya da kyakkyawar niyya ya kamata su ware wa tulu da caki lokacinsu a cikin sujada, a kashe lasifika idan matan zumunta suka miƙe, makarantun Littafi Mai Tsarki kuma su naɗi waƙoƙin daga bakin tsofaffin jagorori na ƙauye tare da amshinsu, a cikin majami'a, yadda ake rera su.