Masu Karanta Ƙasa Daga Sama

Da hantsin ranar Talata, 16 ga Oktoba 1962, aka jingine wasu manyan hotuna baƙi da fari a gaban shugaban Amurka, John Kennedy. Wanda bai san sana'ar ba, babu abin da zai gani a cikinsu sai jeji, da 'yan hanyoyi, da wasu ɗigo-ɗigo farare a gefen itatuwa. Ƙanen shugaban, Robert Kennedy, ya faɗa daga baya cewa shi dai a idonsa wurin ya fi kama da filin da aka share za a yi gona. Amma mutumin da ya kawo hotunan, Arthur Lundahl, ya nuna wasu siraran layuka ya ce waɗannan makamai ne masu linzami na Tarayyar Sobiyet, irin masu cin matsakaicin zango, kuma ga su nan kwance a yammacin tsibirin Kyuba. Shugaban ya tambaye shi ta yaya ya sani. Lundahl ya ce daga tsawonsu.

Amsar gajera ce, amma shekaru aka yi ana tara abin da ya sa ta yiwu.

Lundahl shi ne shugaban cibiyar tantance hotuna ta hukumar leƙen asiri ta CIA. Ofishin nasu ba wani abin kallo ba ne: benaye ne a saman wani shagon sayar da motocin Ford, a wata unguwa marar kyan gani a Washinton, aka zaɓe shi don kada kowa ya kula. A ciki akwai tebura masu fitila a ƙarƙashin gilashi. Ana warware naɗin fim a kai, mutum ya duƙa da madubin ƙara girma yana bin sa taƙi-taƙi. Kyamarar jirgin leƙen asiri na U-2 takan ɗauki wuri ɗaya daga kusurwa biyu, don haka idan aka jera hotunan biyu a ƙarƙashin madubi mai ido biyu, sai ƙasa ta taso: tudu ya zama tudu, rami ya zama rami. Tsayin abu kuwa daga inuwarsa ake cire shi. An san ƙarfe nawa aka ɗauki hoton, an san inda rana take a wannan lokacin, an san nisan jirgi daga ƙasa, saura lissafi. Jirgin yana shawagi a sama da kilomita 20 a cikin sararin samaniya, amma a kan wannan tebur ana iya faɗin ko motar da ke ƙasa tirela ce ko tankar mai.

Fim ɗin da ake magana a kai, Manjo Richard Heyser ne ya ɗauko shi da safiyar Lahadi, 14 ga wata. Ya ratsa yammacin Kyuba cikin 'yan mintuna, ya ɗauki hotuna 928. Ranar Litinin da rana, masu duba fim suka tsaya cik a kan wani yanki kusa da garin San Cristóbal. Akwai jerin motocin soja, akwai tantuna, akwai kuma wasu dogayen abubuwa a kan tireloli, an lulluɓe su da tamfol. Da farko sun zaci makaman kakkaɓo jirage ne, samfurin SA-2, waɗanda dama an san suna tsibirin. Da aka auna sai awo ya ƙi. SA-2 bai wuce mita 11 ba, waɗannan kuwa sun kai kimanin mita 20.

To, me Sobiyet take da shi mai tsawon mita 20? A nan ne tanadin shekaru ya yi rana. Duk lokacin da aka yi faretin soja a Jan Dandali na Mosko, jami'an ofisoshin jakadancin ƙasashen yamma sukan tsaya cikin 'yan kallo suna ɗaukar hoton duk makamin da aka wuce da shi. Sobiyet tana nuna wa duniya ƙwanji, su kuwa waɗannan suna auna tayoyi da tsawon tirela. Aka ɗauko kundin da aka adana irin waɗannan hotuna, aka yi ta buɗawa har aka zo kan makamin da Rashawa ke kira R-12, ƙasashen yamma kuma SS-4. Idan aka cire masa kai, tsawonsa ya yi daidai da abin da ke ƙarƙashin tamfol. Zangonsa kimanin kilomita 2,000 ne, wato daga San Cristóbal zai iya isa Washinton.

Sannan ga takardun Oleg Penkovsky, wani kanar a hukumar leƙen asirin sojan Sobiyet, wanda ya yi ta ɗaukar hoton takardun sirri yana miƙa wa Amurka da Ingila tun 1961. Cikin abin da ya bayar akwai bayanan yadda ake kafa sansanin irin wannan makami: wace mota ke ɗaukar mai, wace ke tayar da makamin tsaye, sa'o'i nawa ake bukata kafin a harba. Saboda haka masu tantancewa ba su tsaya kan cewa ga makami ba. Sukan duba hoton yau su gwada da na jiya, su ce wannan sansani saura masa kaza da kaza, zai iya shiryawa nan da kwana kaza. Wannan ƙiyasi ne ya nuna wa Kennedy cewa yana da 'yan kwanaki na shawara, ba dole ne ya kai hari a ranar ba. An kama Penkovsky a Mosko ranar 22 ga Oktoba, aka kashe shi a shekarar da ta biyo.

Ainihin gwanintar, a ganina, sanin ɗabi'ar abokin hamayya ce. Maharbi mai bin sawu ba ya bukatar ganin dabba. Karyayyen kara da zurfin kofato sun ishe shi ya faɗi nauyinta da inda ta dosa. Injiniyoyin sojan Sobiyet mutane ne masu bin littafi sau da ƙafa. Yadda suka gina sansani a gida, haka suka gina shi a Kyuba. Sansanin SA-2, alal misali, yana da wuraren harbi shida kewaye da na'urar rada a tsakiya, hanyoyin da suka haɗa su kuma suna zana tauraro mai tsini shida. Wanda ya taɓa ganin wannan zane a hotunan ƙasar Sobiyet, da ya hango shi a cikin gonakin rake zai gane shi tun kafin a kawo makami ko ɗaya. Haka aka gano sansanonin manyan makaman R-14 a Guanajay da Remedios, daga shacin ginin kawai, alhali makaman ba su ma iso tsibirin ba, kuma ba su taɓa isowa ba.

Har akwatuna sun zama fanni mai zaman kansa. Jiragen saman sojan ruwan Amurka sukan bi jiragen dakon kaya na Sobiyet suna ɗaukar hoton abin da aka ɗaure a kansu. Sobiyet takan ƙera wa kowane irin makami akwatin katako daidai jikinsa, ba ta canzawa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, sanin wane akwati ne na jirgin MiG, wane ne na ƙaramin jirgin ruwan yaƙi. Daga hoton wani jirgi mai suna Kasimov da aka ɗauka a ƙarshen Satumba, suka ce dogayen akwatunan nan gangar jikin jiragen jefa bom ne samfurin IL-28, kuma haka abin ya kasance. Akwai alamar da ta wuce su, sai daga baya aka lura: wasu jiragen masu faffaɗan bakin rumbu, waɗanda aka ƙera don dakon katako, suna isowa ba su nitse cikin ruwa sosai ba. Wato kayan da ke ciki masu cin wuri ne amma ba su da nauyi. Makami mai linzami da ba a zuba masa mai ba, haka yake.

Kada mai karatu ya ɗauka duk ma'aikatar ce ta yi abin yabo. Ranar 19 ga Satumba, ƙasa da wata guda kafin hotunan Heyser, manyan masu nazari a ƙarƙashin Sherman Kent, wanda ake ɗauka uban fannin nazarin bayanan leƙen asiri a Amurka, sun fitar da rahoto cewa da wuya Sobiyet ta kai irin waɗannan makamai Kyuba. Hujjarsu mai kyau ce a kan takarda: Mosko ba ta saba yin irin wannan kasada ba, kuma ta san Amurka ba za ta lamunta ba a tsibirin da ke kilomita 145 kacal daga Fulorida. Sun auna shugaban Sobiyet, Nikita Khrushchev, da mudun hankalinsu. Shi kuwa yana kallon makaman Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya, yana kallon yadda aka bar ƙasarsa a baya nesa wajen yawan makamai masu cin dogon zango, yana kuma tsoron a sake kai wa jagoran Kyuba, Fidel Castro, farmaki bayan na 1961.

Mutum ɗaya a sama ne ya ƙi yarda, shugaban CIA kansa, John McCone. Ba shi da hoto, ba shi da takarda. Tambaya ɗaya ya riƙe: da aka gano sansanonin SA-2 a ƙarshen Agusta, ya ce makami mai tsada irin wannan, wanda aikinsa kakkaɓo jirgi mai tashi can sama kamar U-2, me aka kawo shi ya tsare? Ba a kafa wa gonar rake irin wannan gadi. Yana can kudancin Faransa yana hutun angwanci, amma bai bar ofis ya huta ba, ya yi ta aiko da saƙonni yana nanata zarginsa.

A daidai wannan lokaci kuma an taƙaita shawagin U-2 a kan yammacin tsibirin har kusan mako biyar, don tsoron kada a harbo jirgi. Sai aka koma ga bakin mutane. 'Yan gudun hijira da ke isa Fulorida suna ta ba da labarin makamai, mafi yawa shaci-faɗi ne ko kuma SA-2 suka gani. Aikin mai tantancewa shi ne ya tsinto tsaba cikin wannan ƙaiƙayi. Rahotannin da suka ja hankali su ne masu ɗauke da abin da mai ƙirƙirar labari ba zai tuna ya saka ba, kamar tirelolin da ke tafiya da tsakar dare, tsawonsu ya sa suna fama kafin su sha kwana a cikin ƙananan garuruwa. Wani rahoton kuma ya ce an rufe wani yanki mai faɗi a lardin Pinar del Río, sojojin Sobiyet ne da kansu ke tsaronsa. Kanar John Wright na hukumar leƙen asirin ma'aikatar tsaro ya ɗora wannan a kan taswira, ya matsa a bi ta kan wurin. Hanyar da Heyser ya bi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata 'yar amsa a wancan zama na ranar Talata. An tambayi Sidney Graybeal, masanin makamai da ya raka Lundahl, ina kawunan nukiliyar suke. Ɗaki cike da manya, wasu har sun fara maganar kai hari, ga shi kuma kowa ya san ba a jigilar irin wannan makami ba tare da kansa ba. Graybeal ya ce sun duba iya dubawa, ba su ga abin da za su iya nunawa su ce kan nukiliya ne ba. Bai ce babu ba, bai kuma ce akwai ba. Ya raba abin da idonsa ya gani da abin da hankalinsa ke raya masa, ya miƙa kowanne da sunansa. Wannan ya fi awon inuwa wuya, kuma rashinsa ne ya jawo abin kunyar 2003, lokacin da aka nuna wa Majalisar Ɗinkin Duniya hotunan Iraƙi aka ce shaida ce ta makaman da ba a taɓa samu ba.

A 1962 kam hotunan sun tsaya da ƙafarsu. Ranar 18 ga wata ministan harkokin wajen Sobiyet, Andrei Gromyko, ya zauna a gaban Kennedy yana ba shi tabbacin cewa taimakon da suke ba Kyuba na kare kai ne kawai, alhali hotunan suna cikin aljihun teburin shugaban. Ranar 22 Kennedy ya sanar da duniya, ya ce za a killace tsibirin ta ruwa. Wanda aka ɗora wa ɗaukar hotunan zuwa Paris don nuna wa shugaban Faransa, Janar de Gaulle, tare da wakilin Kennedy, Dean Acheson, shi ne Sherman Kent ɗin nan da rahotonsa ya ce abin da wuya. Ranar 25 jakadan Amurka, Adlai Stevenson, ya baje su a zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 27 aka harbo U-2 a gabashin Kyuba, matuƙinsa, Manjo Rudolf Anderson, ya mutu. Washegari Khrushchev ya sanar ta gidan rediyon Mosko cewa zai kwashe makamansa, bayan Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a ɓoye kuma ta yarda za ta janye na Turkiyya.

Kyamara ba ta ga komai da komai ba. Amurka ta ƙiyasta sojojin Sobiyet a tsibirin kimanin 10,000, alhali sun haura 40,000. An yi jigilarsu a cikin rumbunan jirage, sanye da kayan farar hula, har aka loda musu kayan sanyi aka sa wa aikin sunan Anadyr, wani kogi a ƙuryar Saiberiya, don a ɓatar da sawu. Sai a 1992, a wani taro a Habana, Janar Anatoly Gribkov na sojan Sobiyet ya bayyana cewa akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da aka tanada wa duk rundunar da ta sauka a gaɓar tsibirin.

Aiki na ƙarshe ma a kan teburan nan masu fitila ya faɗo. Castro ya ƙi yarda masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya su taka ƙasarsa, don haka aka shirya cewa a cikin watan Nuwamba jiragen ruwan Sobiyet za su yaye tamfol a tsakiyar teku, jiragen Amurka su matso su ɗauki hoto. Mosko ta ce makamai 42 ta kai. Aka bi su jirgi-jirgi ana ƙirgawa har lissafi ya cika, sannan da Khrushchev ya amince zai kwashe jiragen IL-28 su ma, Kennedy ya ɗage killacewar ranar 20 ga Nuwamba.